Raccah: Sunan Italiya da Ya Biyo Hanyar Raƙuma Zuwa Kano

Duk wanda ya karanta tarihin cinikin gyaɗa a Kano zai riƙa cin karo da wani baƙon suna a tsakanin su Alhassan Dantata da manyan kamfanonin Turawa: Raccah. Ana furta shi kusan kamar "Rakka". Ɗaliban kimiyyar sinadarai su ma sun san shi, amma ta wata hanya daban, domin a darasin launin ƙarafa akwai wasu ma'aunai da ake kira da sunan Racah. A Italiya kanta sunan ba shi da yawa, bai kama ƙafar su Rossi, Russo ko Ferrari ba. To yaya aka yi suna ɗaya ya bayyana a kasuwar gyaɗar Kano da kuma littattafan kimiyya? Amsar tana cikin tsohuwar hanyar fatauci wadda ƙarshenta yake a Kasuwar Kurmi.

Me sunan yake nufi?

Rigar Italiyanci kawai sunan ya sa, asalinsa Ibrananci ne, harshen Yahudawa. Da haruffa uku ake rubuta shi, waɗanda suka yi daidai da ra, ƙaf da ha na Larabci. Tushen kalmar yana nufin haɗa turare ko magani. Wato sunan sana'a ne, kamar Attar a wajen Larabawa, ko Mai Turare a wajenmu. Shi ma Ferrari da muke gani a jikin mota, daga sana'ar ƙira ya fito.

Italiyanci ba shi da sautin ƙaf, ba shi kuma da ha ta maƙogwaro. Saboda haka da magatakardan Italiya suka zo rubuta sunan, sai ƙaf ta koma c ko cc, aka bar h a ƙarshe ba a furta ta. Shi ya sa za ka ga Raccah a wata takarda, Racah a wata, Rakkah a wata. Irin abin da ya sami Usman ke nan a takardun Turawa, inda ya zama Othman, Osman da Ousmane.

Sai dai a lura da abu guda. Sunan sana'a yana iya tsirowa a gidaje da yawa da ba su haɗa jini ba, kamar yadda ba duk Maƙeri ne ɗan'uwan wani Maƙeri ba. Abin da suna yake nunawa ƙarara shi ne harshe, sana'a da hanyar da mutane suka bi.

Daga bakin teku zuwa Tarabulus

Fitaccen mai wannan suna a ƙarni na 18 shi ne Mas'ud Hai Rakkah, malamin addinin Yahudu da aka haifa a Izmir ta Turkiyya a 1690. An buga juzu'in farko na littafinsa a birnin Venis na Italiya a farkon shekarun 1740. Ya isa Tarabulus ta Libiya a 1749, ya zama babban malamin Yahudawan garin har rasuwarsa a 1768, kuma zuriyarsa ta ci gaba da zama a can.

A wancan zamanin, Tarabulus da gaɓar Italiya kamar kasuwa ɗaya suke. A 1591 da 1593 sarkin Tuskani, Ferdinando na Ɗaya na gidan Medici, ya fitar da dokokin da suka gayyaci 'yan kasuwa baƙi, har da Yahudawa, su zauna a tashar jiragen ruwa ta Liborno cikin aminci. Daga nan iyalai suka riƙa raba 'ya'yansu: wannan a Liborno, wancan a Tunis, wani a Tarabulus. Ɗan'uwa shi ne wakili, shi ne banki. Ta haka sunaye irin wannan suka zama na Italiya da na Arewacin Afirka a lokaci guda.

Abin da ya haɗa Tarabulus da Kurmi

Daga Tarabulus ayari yakan bi ta Gadamas, Gat, Agadas da Damagaram, ya sauke a Kano bayan watanni. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ita ce matattara. Da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin da kusan 30,000, ya kuma lissafa hajar da ake kawowa ta Sahara: yadin Ingila, takubba da allurai daga Jamus, siliki, duwatsun ado da takarda. Su kuma fatake suna komawa da turkuɗi da sauran tufafin Kano, jemammiyar fata, hauren giwa, gashin jimina, da kuma bayi, wanda shi ne ɓangare mafi muni na wannan ciniki.

Akwai shaidar Italiya da har yau take cikin birni. Idan ka ɗaga shafin wani tsohon littafi rubutun hannu ka haska shi da rana, sau da yawa za ka ga hoton jinjirin wata guda uku a cikin jikin takardar. Tambarin masana'antun takarda ne na arewa maso gabashin Italiya, irin na gidan Galvani da ke Pordenone. Wato malamanmu na ƙarni na 19 sun rubuta fiƙihu da waƙoƙi a kan takardar Italiya tun kafin su ga Ba'italiye.

Waɗanda suke rako kayan har Kano galibi Larabawan Gadamas da na Tarabulus ne, Musulmi, kuma a cikin ganuwa suka zauna. Amma jarin da yawa daga gidajen kasuwancin Tarabulus yake fitowa, cikinsu har da na Yahudawa, musamman a cinikin gashin jimina da matan Turai suke ƙawata huluna da shi. Su ba sa tsallako hamada, kuɗinsu ne yake tsallakowa.

Shekarar da hanya ta juya

Abubuwa biyu sun faru a 1911. Italiya ta mamaye Tarabulus, yaƙi ya dagula hanyar hamada. A shekarar ce kuma layin dogo ya iso Kano, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Kayan da suke cin watanni a bayan raƙumi suka koma isa bakin teku cikin kwanaki. Kasuwar gashin jimina ta rushe a 1914, gyaɗa kuma ta tashi.

Sai 'yan kasuwar Tarabulus suka fara zuwa da kansu. Cikinsu akwai Saul Raccah, Bayahude ɗan Tarabulus, wanda ya kafu a Kano. Haka kuma kamfanin Ambrosini, mai sunan Italiya tsantsa, ya yi suna a cinikin fatu da ƙiraga. Tsarin mulkin mallaka ya ajiye kantunan baƙi a wajen ganuwa, wajajen Fagge da tashar jirgi, amma ƙarfin cinikin yana cikin birni. Tsofaffin fataken goro, irin su Alhassan Dantata, Umaru Sharubutu Ƙoƙi da Maikano Agogo, su ne suka san manoma, suke da yara a ƙauyuka, suke kuma iya ba da bashi a kan amana. Baƙo ba ya sayen gyaɗa mai yawa sai ta hannun irinsu.

Abin da ya sa Raccah ya shiga littattafan tarihi shi ne abin da ya yi a ƙarshen shekarun 1930. A lokacin manyan kamfanonin Turai, da UAC a kan gaba, sun haɗa kai a kan farashi da rabon kasuwa. Raccah ya shiga fitar da gyaɗa waje da kansa, ya yi gogayya da su har ya kama kaso mai tsoka na cinikin. Ga manomi, ƙarin mai saye yana nufin ƙarin farashi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, gwamnati ta karɓe sayen amfanin gona, ta raba wa kamfanoni kaso bisa cinikin da suka yi a shekarun baya, tsarin da ya fi yi wa tsofaffin kamfanoni daɗi. Masanin tattalin arziki Peter Bauer ya kawo labarin Raccah a littafinsa na 1954 kan kasuwancin Afirka ta Yamma, a matsayin misalin yadda mutum ɗaya yake iya girgiza haɗakar manya.

Racah na ɗakin karatu

A daidai waɗannan shekaru, wani mai irin sunan yana fama da nasa a Italiya. An haifi Giulio Racah a Fulorans a 1909. Ya yi aiki da Enrico Fermi a Rum, ya koyar da fiziks a Pisa. A 1938 gwamnatin Mussolini ta kafa dokokin wariyar da suka kori Yahudawa daga jami'o'i, sai ya koma Birnin Ƙudus a 1939. Tsakanin 1942 da 1949 ya wallafa jerin maƙalun da suka ba da hanyar lissafa matakan kuzari a ƙwayar zarra mai ilektron da yawa. Da irin wannan lissafi ake bayanin launukan da gishirin ƙarafa suke nunawa. Ya rasu a Fulorans a 1965, kuma akwai wani rami a duniyar wata da aka sa wa sunansa.

Me ke sa suna ya yi ƙaranci?

Dalili na farko lissafi ne. A 1873 Francis Galton ya yi tambaya a Ingila: me ya sa sunayen wasu manyan gidaje suke ɓacewa? Henry Watson ya amsa da lissafin da yau ake kira da sunansu su biyu. Bari mu gwada shi da sauƙi. A ce suna ta wajen ɗa namiji kaɗai yake bi, kowane mutum yana haifar 'ya'ya biyu, kowane kuma yana iya zuwa namiji ko mace daidai wa daida. Yiwuwar duka biyun su zo mata ɗaya ce cikin huɗu, wato kashi 25 cikin 100 sunan ya tsaya tun a tsatso na farko. Zuwa jikoki ta kai kashi 39, zuwa tattaɓa-kunne kashi 48, zuwa tsatso na goma kusan kashi 74. Ka ga ba annoba, ba yaƙi, jinin mutumin yana nan a jikin 'ya'yan mata, amma sunan ya tafi. Sunan da ya fara da gidaje kaɗan kullum a bakin rami yake. Wannan lissafi ne kuma ake amfani da shi wajen gane ko cuta za ta bazu ko za ta mutu da kanta.

Dalili na biyu tarihi ne. Tsakanin 1948 da 1951 Yahudawa fiye da 30,000 suka bar Libiya zuwa Isra'ila. Bayan tarzomar Yunin 1967 aka kwashe ragowar zuwa Italiya, da yawa suka zauna a Rum. Shi ya sa yau masu sunan suke warwatse tsakanin Italiya, Isra'ila da wasu ƙasashe, kowane wuri da irin rubutunsa, garin da sunan ya fi daɗewa kuma babu su.

Ina Kano ta ajiye nata?

A Italiya ana iya bin sawun suna shekaru ɗaruruwa saboda an daɗe da daskarar da shi a takarda. Ga Kiristoci, taron cocin Katolika na Trento ya wajabta rajistar baftisma da aure a 1563. Mu kuwa sunanmu na biyu sunan uba ne, yana sauyawa da kowace haihuwa. Musa ɗan Ibrahim ya haifi Sani Musa, Sani ya haifi Aisha Sani. Kafin tsatso uku Ibrahim ya fita daga takarda. Sunayen gida da suka tsaya, irin Dantata, daga laƙabi suka samo asali: Tata ita ce matar da ta raini Alhassan.

Tarihin da Italiyawa suka zuba a sunan iyali, Kanawa a sunan unguwa suka zuba shi. Dandalin Turawa yana tuna mana cewa kalmar Bature da Larabawan Arewacin Afirka aka fara kiranta, kafin ta koma kan 'yan Turai. Ana danganta Alfindiƙi da kalmar Larabci funduƙ, masaukin fatake, wadda ita ce Italiyawa suka ara ta zama fondaco, sunan manyan masaukan 'yan kasuwa a Venis. Alkantara daga kalmar gada take a Larabci. Tudun Nufawa, Zangon Barebari da Ayagi kowacce tana faɗin waɗanda suka sauka a wurin. Jikokin Larabawan Gadamas sun zama Kanawa, Hausa suke yi, sunayensu irin namu ne, amma unguwar ta riƙe labarin.

Yanzu mu ma lokacin daskarewar ya zo. Fom ɗin makaranta, na banki, na fasfo da na lambar ɗan ƙasa duk suna neman sunan iyali guda wanda ba ya canzawa, kuma wanda aka samu saɓani a takardunsa ya san wahalar gyara. Abin da aka cike yau, ko sunan kaka ne, ko na unguwa, ko na sana'a, mai yiwuwa shi jikoki za su gada. Kafin a cike wa yaro fom na farko, yana da kyau a zauna da dattawan gida a tambaye su: daga ina muka zo, wace sana'a aka san mu da ita, wa ya fara sauka a wannan unguwa? A rubuta amsar a ajiye tare da tsofaffin takardun gida. Labarin Raccah ya iso gare mu ne don an rubuta shi a Venis, Tarabulus da Kano. Namu da yawa har yanzu a bakin tsofaffi yake.