Rawa har hantsi: tarihin gidajen rawar ɓoye na Niyok da Shikago

Ran 14 ga watan Fabrairu na shekarar 1970, wani saurayi mai suna David Mancuso ya gayyaci abokansa zuwa ɗakin da yake haya a lamba 647 ta titin Broadway, cikin birnin Niyok na ƙasar Amurka. Ɗakin tsohon wurin sana'a ne a saman bene, mai faɗi, ba shi da kayan ƙawa in ban da na'urar saka faifai da manyan lasifikoki. An rataya balan-balan, an jera abinci da ruwan ƴaƴan itace, aka yi ta rawa tun tsakar dare har gari ya waye. Babu allo a ƙofa, babu talla a jarida, mai gidan ma bai raɗa ma wurin suna ba. Masu zuwa ne suka riƙa kiran shi Loft, wato ɗakin saman bene, sunan kuma ya bi shi. Masu binciken tarihin kiɗa da yawa suna ɗaukar wannan dare a matsayin mafarin wata al'ada da ta bazu daga baya har Turai da Japan: gidan rawa na ɓoye, wanda kasuwarsa ke ci a lokacin da sauran gidaje suke tashi.

Ba a iya fahimtar wannan al'ada sai an san dokokin da suka haife ta. Tun 1926 birnin Niyok yana da dokar da ta hana rawa a duk wurin da ake sayar ma jama'a abinci ko abin sha, sai in mai wurin ya mallaki takardar izini ta musamman, mai tsada da wuyar samu. Wata dokar kuma ta tilasta ma masu sayar da giya su daina da ƙarfe huɗu na asuba. Ban da wannan, har ƙarshen shekarun 1960 hukumar giya ta jiha tana iya ƙwace takardar duk mashayar da maza masu sha'awar maza ƴan'uwansu ke taruwa a cikinta, ƴan sanda kuma suna kai samame a kai a kai. Tarzomar mashayar Stonewall ta watan Yunin 1969 daga irin wannan samame ta tashi. Baƙar fata da ƴan asalin Fatoriko kuwa, masu tsaron ƙofar manyan gidajen rawa sun san yadda za su mai da su ba tare da sun faɗi dalili ba. Mancuso ya lura da ƙofar da doka ta bari a buɗe: mutum yana da ikon yin biki a gidansa. In dai ba ya sayar da giya, kuma wanda ya gayyata ne kawai ke shiga, to babu mai ƙayyade masa lokacin tashi, babu mai zaɓar masa baƙi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A unguwar Harlem, tun shekarun 1920, baƙar fatar da kuɗin haya ya yi ma nauyi sukan kira makaɗi, su dafa abinci, maƙwabta su zo kowa ya jefa abin da ya samu. Bahaushen da ya san ajo ba ya bukatar dogon bayani a nan. Mancuso ya halarci irin waɗannan bukukuwa, ya kuma zo da wani gado nasa na kansa. An haife shi a 1944, ya yi ƙuruciyarsa ta farko a gidan marayu na garin Utica, inda wata sista ta cocin Katolika mai suna Alicia takan tara yara a ɗaki guda, ta hura musu balan-balan, ta ba su ruwan lemo, ta saka musu faifai su yi rawa. Wanda ya san wannan labari, in ya dubi Loft, zai ga ɗakin marayun nan ne aka sake ginawa don manya.

Katin gayyata shi ne ginshiƙin komi. Wanda ke da kati yana iya zuwa da baƙo, amma halin baƙon a wuyansa yake. A ƙofa ana ba da ƴan daloli kaɗan na gudummuwa, bayan haka ba a sake ciro kuɗi a ciki: abinci, abin sha da ajiyar riga duk kyauta ne. Wanda aljihunsa ya bushe a wannan mako yakan rubuta takardar bashi ya shiga. Sakamakon shi ne wani cakuɗe da ba a saba gani ba a Amurka ta lokacin: baƙi da farare, maza da mata, mai kuɗi da ɗan ƙwadago, a fili guda har safe. Sai dai gaskiya ba ta cika in an ɓoye cewa ƙwaya tana yawo a wurin. Kalmomin Ingilishi da aka buga a kan katin farko, masu nufin cewa ƙauna ce mai ceto, manyan haruffansu suna ba da sunan ƙwayar LSD, kuma mahalarta ba su kasa gane wannan ba.

Mancuso bai ɗauki kansa gwanin nuna bajinta ba, mai masaukin baƙi yake kiran kansa. Kuɗinsa a kan sauti suke ƙarewa: lasifikokin Klipschorn, daga baya allurai ƙirar hannu na Koetsu daga Japan. Ba ya son ƙarar da za ta gajiyar da kunne, kuma da tafiya ta yi nisa ya daina haɗa faifai da faifai, ya koma barin kowace waƙa ta kai ƙarshenta yadda mai ita ya tsara, jama'a su tafa, sannan ta gaba ta shigo. Daren yana da tsari kamar tafiya: farawa a hankali, hawa, sannan sauka lokacin da haske ya fara shigowa.

A nan ne Afirka ta shiga labarin. A 1972 ƙasar Kamaru ta karɓi gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, aka sa Manu Dibango ya tsara taken gasar. A bayan faifan ya saka wani kiɗa, Soul Makossa. Kwango ta fitar da Kamaru a wasan kusa da na ƙarshe, faifan kuma ya kwanta. Mancuso ya tsinci kwafi guda a wani kanti na ƴan tsibiran Karebiyan a unguwar Brooklyn, ya saka a Loft. Daga nan ya kai kunnen Frankie Crocker na gidan rediyon WBLS, wanda ya riƙa watsa shi. Ƴan kwafin da ke birnin suka ƙare, ƙungiyoyi da dama suka yi gaggawar buga kwaikwayonsa, har kamfanin Atlantic ya sayi izinin na asalin. A 1973 ya kai matsayi na 35 a jerin Billboard. Masu kamfanonin faifai sun fara gane cewa ƴan ɗaruruwan mutanen da ke rawa a ɓoye suna iya ɗora waƙa a kan kasuwar ƙasa duka.

Hukuma ta rufe ɗakin Broadway a 1974. Mancuso ya koma lamba 99 ta titin Prince, inda mazauna unguwa suka yi masa ca. Bayan doguwar shari'a gaban hukumar birni mai kula da takardun izini, aka yanke a 1975 cewa abin da yake yi biki ne na gida, ba ya bukatar takardar gidan rawa. Wannan hukunci ya zama inuwar da wasu suka fake a ciki. Mafi shahara cikinsu shi ne Paradise Garage, wanda Michael Brody ya buɗe a lamba 84 ta titin King: an fara taruwa a 1977 tun ana cikin gini, aka yi buɗewar hukuma a watan Janairun 1978. Asalin ginin garejin motoci ne, shi ya sa mai shiga sai ya hau doguwar gangara, yana jin dukan ganga a ƙirjinsa tun bai kai sama ba. Shekarar 1977 ɗin ce aka buɗe Studio 54, gidan da taurari ke zuwa don a ɗauke su hoto, mai gidan yana tsaye bakin ƙofa yana zaɓar kyawawan fuskoki. Jaridu shi suka sani, kuma har yanzu shi ne hoton da ke zuwa ma mutane in an ce disko. Amma Studio 54 na farko bai kai shekara uku cikakku ba masu shi suka tafi kurkuku kan kuɗin haraji, Garage kuwa ya yi shekara goma.

Ran Garage shi ne Larry Levan, baƙar fata ɗan Brooklyn, haifaffen 1954. Shi da abokinsa Frankie Knuckles sun fara ne da hura balan-balan a gidan rawar Gallery na Nicky Siano, wanda shi ma ɗan Loft ne. Levan kishiyar Mancuso ne a hali: mai son ƙara, mai rigima, mai zuwa a makare. Injiniya Richard Long ya ƙera masa lasifikokin da ake cewa babu kamarsu a birnin, shi kuma yakan kwana yana gyara su. An san shi da tsai da kiɗa tsakar dare ya sa a kawo tsani don a goge ƙwallon madubin da ke rataye, saboda ya ga ƙura a jikinsa. In ya yarda da waƙa, sai jama'a sun yarda da ita: lokacin da ya fara saka Heartbeat ta Taana Gardner a 1981, fili ya watse saboda sanyin tafiyarta, shi kuwa ya yi ta maimaita ta cikin daren har suka dawo. Da safe masu fitowa sukan zarce kantin Vinylmania da ke kusa su nemi abin da suka ji.

Shiga Garage da katin zama memba ne, katin kuma sai an yi ma mutum tambayoyi. Ba a sayar da giya, don haka rawa takan kai hantsi, wani lokaci har azahar ta Lahadi. Mambobin, waɗanda akasarinsu baƙar fata ne da ƴan Latin Amurka masu sha'awar jinsinsu, sun riƙa kiran daren Asabar da sunan babbar addu'ar coci. Da yawansu ƴaƴan coci ne da danginsu suka juya ma baya, kuma muryoyin matan da Levan ke so a cikin mawaƙan coci suka koyi waƙa. Sukan zo da jakar kayan canji da tawul, kamar masu zuwa aiki.

Knuckles kuwa ya tafi Shikago a 1977, ya kama aiki a gidan da Robert Williams ya buɗe a lamba 206 ta titin South Jefferson, mai suna Warehouse, wato mangaza. Tsarin ɗaya ne: kati, ruwan lemo, rawa har rana ta take. Ran 12 ga Yulin 1979, a filin wasa na Comiskey da ke wannan birni, wani ma'aikacin rediyo ya tarwatsa tulin faya-fayen disko da nakiya gaban dubban mutane, kamfanoni kuma suka fara janye jiki daga wannan kiɗa. Da sababbin faya-faye suka yi ƙaranci, Knuckles ya koma yanka tsofaffi a kan zaren rikoda yana sake ɗinka su, daga baya ya ƙara musu na'urar buga ganga. Matasan birnin suka ɗora a kai, suka gajarta sunan gidan suka raɗa ma sabon kiɗan: house.

Ba ƴan sanda ne suka karya wannan al'umma ba, cuta ce. A 1981 likitocin Amurka suka ba da rahoton farko na abin da aka sani daga baya da sida. A watan Afrilun 1982, tun gwamnati ba ta ce uffan ba, ƙungiyar GMHC mai taimakon majinyata ta yi babban taronta na farko na neman gudummuwa a cikin Garage, aka tara kimanin dala 50,000. Mutanen da suka saba haɗuwa a fili suka koma haɗuwa a asibiti, suna jinyar waɗanda danginsu suka ƙi taɓawa. Kowane mako sai an lura da gurbin wani. Brody da kansa ya kamu, wa'adin hayar ginin kuma ya cika. A ƙarshen Satumbar 1987 aka yi bikin rufewa na kwana biyu. Mai zane Keith Haring, wanda ya ƙawata bangon wurin, ya baro Japan don ya halarta. Brody ya rasu a watan Disamba na shekarar. Levan, wanda ƙwaya ta riga ta ci jikinsa, ya rayu har Nuwambar 1992, ya rasu yana da shekara 38. Haring bai kai nan ba, sida ta ɗauke shi a 1990.

Karramawar hukuma ta zo a makare, kamar yadda ta saba. A 2004 birnin Shikago ya raɗa ma wani yanki na titin Jefferson sunan Frankie Knuckles, da sa hannun wani ɗan majalisar jiha mai suna Barack Obama; Knuckles ya rasu a 2014, a 2023 kuma aka sa ginin Warehouse cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare. Ginin Garage bai samu wannan sa'a ba, an rushe shi a 2018. Dokar 1926, wadda magajin gari Rudolph Giuliani ya farfaɗo da ita a shekarun 1990 don matsa ma gidajen rawa, sai a 2017 aka soke ta, bayan shekara 91.

Mancuso bai ga sokewar ba. Ya yi ta ƙaura daga wuri zuwa wuri, ya yi asarar gida da dukiya, daga ƙarshe ya koma hayar zauren ƙungiyar ƴan Yukuren a unguwar East Village sau ƴan kaɗan a shekara, yana kuma zuwa Landan da Sapporo ta Japan, inda wasu suka kafa biki a kan tsarinsa. Ya rasu ran 14 ga Nuwambar 2016 yana da shekara 72. Tsofaffin baƙinsa suka riƙe jerin sunayen da lasifikokin. A watan Fabrairun 2020 suka yi bikin cikar Loft shekara 50, da gayyata, da abinci, da balan-balan, wasu cikinsu tare da ƴaƴansu da jikokinsu.