BABI NA UKU: TARIHIN NEMAN RIBA DA BUƊAƊƊIYAR MANHAJA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a bi diddigin wata tambaya da ta daɗe tana raba kan masana harkar kwamfuta da 'yan kasuwa, wato ko kamfanin da ya bar manhajarsa a hannun kowa zai iya cin riba alhali abokan gogayyarsa suna sayar da tasu. Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a fayyace kalmomi biyu. Kowace manhaja tana da rubutun asali, wato jerin umarnin da masu tsara ta suka rubuta kafin a juya shi zuwa harshen da na'ura ke ganewa. Idan aka bar wannan rubutu a fili, aka kuma ba kowa izinin karantawa da gyarawa da rabawa, ita ce buɗaɗɗiyar manhaja. Idan kuwa kamfani ya ɓoye rubutun, ya sayar da lasisin amfani kawai, to ita ce rufaffiyar manhaja. Za a ɗauki kamfanin Red Hat na ƙasar Amurka a matsayin babban misali, sannan a gwada shi da wasu kamfanoni.

3.1 Yadda Manhaja Ta Zama Haja

A farkon zamanin kwamfuta ba a ɗauki manhaja a matsayin abin sayarwa ba. Na'ura ake saye ko a yi haya, manhaja kuwa sai ta biyo ta kamar gyara. Al'amarin ya fara sauyawa a shekarar 1969, lokacin da kamfanin IBM ya raba farashin manhaja da na na'ura, a daidai lokacin da gwamnatin Amurka ta kai shi ƙara bisa zargin mamaye kasuwa. A shekarar 1976 Bill Gates na kamfanin Microsoft ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kokawa da masu kwafar manhajarsa ba tare da biya ba. Daga nan a shekarar 1980 aka gyara dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta haɗa da manhajar kwamfuta.

Wannan tsari ya zo da riba mai yawa, domin kuwa sau ɗaya ake kashe kuɗin rubuta manhaja, amma ana iya sayar da kwafinta sau miliyoyi. Sai dai ba kowa ne ya yarda da shi ba. A shekarar 1983 Richard Stallman, wani masani a cibiyar MIT, ya ƙaddamar da shirin GNU don samar da manhajar da kowa zai iya gyarawa, kuma a 1989 ya fitar da lasisin GPL. Abin lura a nan shi ne, wannan lasisi bai hana sayarwa ba. Sharaɗinsa shi ne duk wanda ya raba manhajar dole ya ba da rubutun asali tare da irin 'yancin da shi ma ya samu. Ke nan wanda ya sayi kwafi ɗaya yana da ikon rarraba shi kyauta, kuma a nan ne matsalar riba ta samo asali.

3.2 Cygnus da Red Hat

Kamfanin da ya fara gwada warware wannan matsala shi ne Cygnus, wanda Michael Tiemann da John Gilmore da David Henkel-Wallace suka kafa a shekarar 1989. Ba manhaja suke sayarwa ba, aikin gyara ta da daidaita ta da sababbin na'urori suke karɓar kwangila a kansa. A 1991 kuma Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki da ke ƙasar Finland, ya fitar da Linux, wato ginshiƙin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya kuma sanya ta ƙarƙashin GPL a shekara mai bi.

A kan wannan harsashi aka gina Red Hat. Marc Ewing ya fitar da nasa samfurin Linux a 1994, sannan a 1995 ya haɗe da Bob Young wanda ke sayar da kayan Linux. Da farko faifai a cikin kwali suke sayarwa tare da littafin bayani. A shekarar 1998 kamfanin Netscape ya buɗe rubutun asali na manhajarsa ta shiga intanet, abin da ya jawo hankalin masu zuba jari. A watan Agusta na 1999 Red Hat ya shiga kasuwar hannun jari, kuma a ƙarshen shekarar ya sanar da sayen Cygnus. To amma tsadar hannun jari daban, riba daban. Kamfanin VA Linux, wanda farashin hannun jarinsa ya tashi da kusan kashi 700 cikin ɗari a ranar farko a watan Disamba na 1999, ya daina sayar da na'urori a 2001 bayan kasuwar ta rushe. A wannan shekarar ce kuma shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, ya kwatanta Linux da ciwon daji.

3.3 Abin da Red Hat Ya Sayar

Sauyin da ya ceci Red Hat ya faru ne tsakanin 2002 da 2003. Kamfanin ya watsar da cinikin kwali, ya raba aikinsa gida biyu. Fedora ya zama samfurin kyauta inda ake gwada sababbin abubuwa, shi kuwa Red Hat Enterprise Linux ya zama na bankuna da ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni, ana biyan kuɗinsa shekara-shekara bisa yawan na'urori. Abin da mai biya yake samu shi ne gyaran kurakurai da toshe kafofin ɓarayin bayanai na tsawon shekaru, da tabbacin cewa manhajar za ta yi aiki da na'urori da manhajojin wasu kamfanoni, da kuma ƙwararrun da za a kira idan abu ya lalace. Wato dai amana da kwanciyar hankali ake sayarwa.

Haka kuma ya kamata a lura da kasuwar da Red Hat ya fi ci. Ba kwamfutocin gida da na ofis ba ne, inda Windows ta yi kaka-gida. Kasuwar Unix ce, inda kamfanoni irin su Sun Microsystems ke sayar da na'urori masu tsada tare da rufaffiyar manhaja. Linux ta ba masu saye damar komawa ga na'urori masu araha, don haka ko sun biya Red Hat suna ganin sauƙi.

An jarraba ƙarfin wannan tsari a 2006, lokacin da kamfanin Oracle ya kwafi manhajar Red Hat, kamar yadda lasisi ya halatta, ya kuma yi tayin kula da ita a farashi mai rahusa. Duk da haka cinikin Red Hat ya ci gaba da hauhawa. A 2012 ya zama kamfanin buɗaɗɗiyar manhaja na farko da cinikinsa na shekara ya haura dala biliyan 1, a 2019 kuma ya kai kimanin dala biliyan 3.4. A watan Yuli na wannan shekarar IBM ya kammala sayen sa a kan dala biliyan 34.

3.4 Iyakar Wannan Nasara

Idan aka gwada waɗannan alƙaluma da na abokan gogayya, sai a ga tazarar. A shekarar kuɗi ta 2019 cinikin Microsoft ya haura dala biliyan 125, na Oracle kuma ya kusa biliyan 40. Bugu da ƙari, ba a samu kamfanoni da yawa da suka maimaita abin da Red Hat ya yi ba. Mandriva na ƙasar Faransa, wanda shi ma Linux yake rarrabawa, ya rushe a 2015. Kamfanin MySQL na ƙasar Suwidin, mai manhajar rumbun adana bayanai, ya bi wata hanya ta lasisi biyu, na kyauta da na kuɗi. Sun Microsystems ya saye shi a kan dala biliyan 1 a 2008, sannan Oracle ya saye Sun ɗin kansa a 2010.

Babban ƙalubale ya zo ne daga kamfanonin da ke ba da hayar kwamfutoci ta intanet, musamman Amazon. Su kan ɗauki buɗaɗɗiyar manhaja su ɗora a kan na'urorinsu, su karɓi kuɗin haya, ba tare da doka ta tilasta musu biyan waɗanda suka rubuta ta ba. Masu manhajar sun ga abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Saboda haka MongoDB ya tsaurara lasisinsa a 2018, Elastic a 2021, HashiCorp a 2023, Redis kuma a 2024. A kan uku na ƙarshe, wasu masu amfani sun ɗauki tsohon rubutun da ke buɗe suka ci gaba da shi da sabon suna, wato OpenSearch da OpenTofu da Valkey. Daga baya Elastic da Redis sun sake ƙara buɗaɗɗen lasisi a 2024 da 2025. Shi kansa Red Hat a 2023 ya taƙaita hanyar samun rubutun asali na samfurinsa na kuɗi, abin da ya jawo masa suka mai yawa.

A ɗaya ɓangaren kuma, Microsoft ya shiga Gidauniyar Linux a 2016, ya kuma sayi GitHub, babbar ma'ajiyar buɗaɗɗiyar manhaja, a kan dala biliyan 7.5 a 2018.

3.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ana iya cin riba da buɗaɗɗiyar manhaja, amma ba ta hanyar sayar da kwafi ba. Ribar tana tattare ne da wani abu da ba ya kwafuwa, kamar ƙwarewa da suna da amanar masu saye, ko kuma mallakar na'urorin da ake ba da haya. Red Hat ya yi nasara ne saboda ya samu masu saye da ke tsoron asara fiye da tsada, a lokacin da suke neman mafita daga Unix. Haka nan tarihin ya nuna cewa kaso mafi tsoka na dukiyar da wannan manhaja ta samar ya tafi ne ga masu amfani da ita da masu ba da hayarta, ciki har da kamfanonin da suka yaƙe ta da farko. Babi na gaba zai duba lasisin da kamfanoni suka ƙirƙiro tun daga 2018, da kuma muhawarar da ake yi kan ko sun cancanci a kira su buɗaɗɗu.