Yadda Lissafi Ya Shiga Karin Waƙa

Tun kafin zuwan Musulunci Larabawa suke tsara waƙa, amma da kunne kaɗai suke gane baitin da ya miƙe da wanda ya karye. Sai a ƙarni na 8 Khalil ibn Ahmad al-Farahidi, malamin Basra wanda ya koyar da Sibawaihi nahawu, ya fitar da ma'aunin da ake kira aruli.

Khalil masanin sauti ne da kiɗa, kuma gwanin ƙidaya. A ƙamusunsa Kitabul Aini ya bi hanyar jujjuya haruffa: harafi 3 na ba da kalma 6, harafi 4 na ba da 24, harafi 5 kuwa 120. Da irin wannan tunani ya tunkari waƙa. Ya rarraba kowane baiti zuwa haruffa masu wasali da masu ɗauri, ya tattara su ƙafa-ƙafa, ya fitar da karuruwa 15 waɗanda ya jera a kan da'ira 5. Daga baya aka ƙara na 16, Mutadarak, wanda ake danganta shi ga wani malami mai suna Akhfash.

Hikimar da'irar ita ce wurin da mutum ya fara karantawa shi ke sauya kari. Karin Wafir da na Kamil da'irarsu ɗaya. In ka fara daga wani wuri ka sami mufa'alatun, in ka gusa gaba kaɗan ka sami mutafa'ilun. Gaɓoɓin ba su ƙaru ba, ba su ragu ba, amma rerawar ta bambanta.

Da ma'aunin ya kafu, sai malamai suka mai da shi kayan koyarwa, domin abin da aka rera ya fi zama a ka. Ibn Yasamin, wanda ya rasu a Marrakesh a 1204, ya tsara ƙa'idojin aljabara cikin karin Rajaz, ɗalibai suna haddacewa, malamai suna sharhi. Ibn Malik ma haka ya yi wa nahawu a Alfiyya.

Wannan gado ya iso ƙasar Hausa ta hannun malaman zaure. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u sun karantar da jama'a ta hanyar waƙa, rubutacciyar waƙar Hausa kuma ta ɗauki karuruwan aruli, tana auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Har shekarar da aka gama waƙa da ramzi ake rubuta ta, wato da haruffa masu wakiltar lambobi. A hisabin Magariba shinun 1000 ne, ra 200, nun 50, don haka kalmar da ta haɗa su ukun tana nufin Hijira 1250. Ɗalibin da bai iya tarawa ba, ba zai san shekarun waƙar da yake rerawa ba.

Yau a makarantunmu darasin lissafi daban, na adabi daban, kamar ba su taɓa sanin juna ba. Ya kamata malaman Hausa da na lissafi su haɗa kai, su koya wa yara yanka baiti da warware ramzi, domin yaron da ya iya auna kari ya riga ya fara lissafi.