Daga Haƙorin Makka Zuwa Takwim: Tarihin Baki a Ƙauyukanmu na Jazira da Nil Azrak

Duk wanda ya taɓa sayen sa a kasuwar dabbobi ta Sinja ko ta Damazin ya san ba a ciniki sai an buɗe bakin dabba. Ka ga manyan haƙora biyu a gaba, ka ce ɗan shekara biyu ne. Takwas sun cika, ya doshi biyar. Sun cinye sun zama guntaye, ka rage tayi komai ƙibarsa. To kai mai karatu, ilimin haƙori ba baƙonka ba ne. Abin da ya shigo mana sabo shi ne yaranmu sun fara tambayar a gyara nasu haƙoran, wanda ya hau kan ɗan'uwansa da wanda ya turo gaba zaƙo-zaƙo, kuma hanya biyu ake nuna musu. Akwai ƙarfen da ake mannawa a haƙora a ratsa waya, wanda a nan ake kira takwim. Akwai kuma roba mai garai-garai da ake kifawa a kan haƙora a cire idan za a ci abinci, takwim shaffaf. Kafin ka sayar da maraƙi ka biya ɗaya daga ciki, bari mu bi sawun abin daga baya.

Kakanninmu da suka yo gabas sun zo da nasu ma'aunin kyan baki. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa Sudan, suka kafa gari a bakin Nil Azrak kudu da Sinnar wajen 1906, garin da har yau yake ɗauke da sunansa. Ban da su akwai mahajjatan ƙasa, waɗanda suke tasowa daga Kano ko Katsina su bi ta Barno da Wadai da Darfur, su tsaya su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri, tafiyar da kan ci shekaru kafin a kai Sawakin a tsallaka Jidda. Da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, aiki ya samu, da yawa suka sauke kaya a kambo da ƙauyukan bakin tur'a, niyyar Makka tana nan a zuci amma zama ya yi zama.

Waɗannan mutane asuwaki suka sani, kuma sun tarar da itacen arak yana jiransu a nan, ga lada ga tsafta. Mata na da goro da fure, wato furen taba da ake gogawa har haƙora su yi jawur, a lokacin kuwa wannan shi ne ado. Wushirya, ƴar tazarar nan tsakanin haƙoran gaba na sama, abin yabo ce ga budurwa da saurayi. Sai kuma babban su duka, haƙorin Makka. Wanda ya sauke farali yakan sa a lulluɓe masa haƙori ɗaya ko biyu da zinariya ko azurfa, ya dawo gida ba sai ya ce komai ba, murmushi kawai zai yi a san an je. Ga mutumin da ya shekara bakwai yana tsinkar auduga don ya kai Jidda, wannan ɗan ƙarfen takardar shaida ce da ba ta yagewa. Kun ga ke nan sa ƙarfe a baki tsohon abu ne wurinmu. Sai dai namu na nuni ne. Ba wanda ya yi tunanin ƙarfe zai ɗauki haƙori daga nan ya kai shi can.

Maƙwabtanmu ma kowa da nasa. Dinka da Nuwer, waɗanda fatakenmu ke haɗuwa da su ta wajen Joda da Renk, sun daɗe suna cire haƙoran gaba na ƙasa a matsayin alamar girma da ƙabila. Akwai kuma al'adar da ake kira haifat, inda idan jariri ya yi zazzaɓi da gudawa a lokacin haƙori sai a tsaga dasashi a ciro ƙwayar fiƙar da ba ta fito ba, wai ita ce cutar. Wannan kam ba zan ɓoye ra'ayina ba, ɓarna ce. Ban da zubar jini da ƙwayar cuta daga ƙarfen da ba a dafa ba, haƙorin girma da ke kwance a ƙasa yakan lalace ko ya fito a karkace bayan famfara. Wasu yaran da ake kai wa likita yau don a daidaita musu haƙora, tun suna goye aka karkatar da su.

Ita sana'ar motsa haƙori daga ƙasar Turawa ta taso. A 1728 wani likita a Faransa, Pierre Fauchard, ya fitar da littafi a kan haƙora, a ciki ya kwatanta wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake ɗaure haƙora a jikinsa da zare don su jeru. An daɗe ana lalube haka, har Edward Angle na Amurka ya zo a 1899 ya kasa rashin haɗuwar haƙoran sama da na ƙasa gida uku, yana auna komai da turmin farko na sama. Har gobe da wannan lissafin likitoci suke aiki, a Khartum ko a Alƙahira. Abin dariyar shi ne kayan aikin Angle da zinariya ake yin su. A shekarun da alhazanmu ke sa zinariya a baki don a san sun je Makka, ƴaƴan attajiran Amurka na sa ta don haƙora su miƙe. Daga baya farin ƙarfe mara tsatsa ya maye gurbinta, kuɗi ya sauko. A shekarun 1970 aka sami sauyi biyu manya: aka iya manna ɗan ƙarfen kai tsaye a fuskar haƙori maimakon a zagaye kowane haƙori da zobe, aka kuma sami wayar nikel da titaniyam wadda duk yadda ka lanƙwasa ta sai ta nemi komawa siffarta, tana jan haƙori a hankali tare da ita.

Tsaya ka fahimci yadda abin ke aiki, don a nan zaɓin yake. Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba, wasu siraran jijiyoyi ne suke riƙe da shi. Idan aka matsa shi kaɗan-kaɗan ba tare da sassautawa ba, ƙashin da ke gabansa sai ya riƙa narkewa, na bayansa yana ginuwa. Tafiyar ba ta wuce kamar milimita ɗaya a wata. Shi ya sa aikin kan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci ya fi. Ka matsa da ƙarfi don sauri, saiwar ce za ta cinye. Ka sassauta, haƙori ya kama hanyar gida kamar saniyar da ta san garkenta.

Robar kuwa ta fi yadda ake zato tsufa. Tun 1945 wani likita mai suna Harold Kesling ya yi wata roba da ake cizawa don ƙarasa aikin ƙarfe. Amma sai da kwamfuta ta iya zana tafiyar haƙori mataki-mataki sannan abin ya zama kasuwa. A 1997 Zia Chishti, ɗan asalin Pakistan, da Kelsey Wirth suka kafa kamfanin Align Technology a Kalifoniya, a 1999 suka fito da Invisalign. Ana ɗaukar hoton bakinka, a buga maka robobi a jere, kowace tana gusar da haƙori kusan rubu'in milimita, ka sa ta mako ɗaya ko biyu ka koma ta gaba. Da kasuwa ta buɗe sai wasu suka ce ai ba sai an ga likita ba, a aiko maka robar gida kawai. Babbansu, SmileDirectClub, ya karye ya rufe a watan Disamba na 2023, ya bar mutane da rabin aiki a baki. Ku fatake ku riƙe wannan, don irin tallar nan tana yawo a Facebook, kuma akwai ƙarfen ado na jabu da ƴanmata ke mannawa don gayu, wanda hukuma a Tailan ta hana sayarwa saboda cutar da ya jawo. Kayan da za su zauna a bakin ɗan wani ba irin kayan da ake sarowa a kwali a baza a tebur ba ne.

A nan Sudan, makarantar likitanci ta Kitchener ta buɗe a Khartum a 1924, amma koyar da likitancin haƙori a Jami'ar Khartum sai 1971. Jami'ar Jazira da ke Madani an kafa ta a 1975. Ƙwararrun takwim ba su taɓa yawa ba, akasarinsu kuma kafin yaƙi a babban birni suke. Ɗan ƙauyen Mai Wurno ko na wajen Rusairis da ya sa ƙarfe, ya ɗauki alkawarin hawa mota duk mako huɗu zuwa takwas har aikin ya ƙare.

Sai ga abin da muka gani da idonmu. Rikicin Yuli na 2022 a Rusairis da kewaye, da na Wad al-Mahi a Oktoba, ya kori dubban mutanenmu daga gidajensu. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, jama'a da likitoci suka kwararo Madani. A Disamba Madani ta faɗa hannun Da'am Sari'. Sinja ta bi baya a ƙarshen Yuni na 2024. Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba, Madani a Janairu na 2025, amma ɗakunan likitoci da yawa an wawashe su, masu su sun watse Masar da Saudiyya da sauran wurare. Yarinyar da aka sa wa ƙarfe a farkon 2023 tana iya kasancewa yau a Gadarif ko a Renk ko bayan Matamma, ƙarfen na nan a bakinta, likitan da ya san inda aka dosa da shi ba ya nan. Kuɗin da aka biya gaba ɗaya ya tafi. Mafi muni, abinci yana taruwa a gindin kowane ƙarfe, ya bar farin tabo wanda daga baya yake zama rami. In kana da irin wannan yaro a gida, kada a sa filaya a ɓamɓare, fatar haƙorin ce za ta biyo. A kai shi wurin kowane likitan haƙori da aka samu, ko ba ƙwararren takwim ba ne, ya duba ko ya cire. Wayar da ke sukar kunci a datse bakinta da abin yanke farce mai tsafta. Mai roba kuwa ya ci gaba da sa ta ƙarshen da ta zauna masa daidai, musamman da dare, kada ya tsallake zuwa ta gaba da kansa.

To wanne za ka zaɓa? Ƙarfe ya fi ƙarfin aiki. Haƙoran da suka cunkushe har sai an cire wasu, fiƙar da ta juya, haƙorin da ya maƙale sama, muƙamuƙin da bai haɗu ba, duk ƙarfe ya fi iya su. Kuma ba ya jiran yaro ya ga dama, dare da rana yana aiki. Kuɗinsa ma galibi ya fi sauƙi. Wahalarsa a abinci take: rake, goriba, aduwa, ƙilishi, gaisuwar ƙashi a cikin agashe, duk suna ɓalle shi, kuma asuwaki kaɗai ba ya shiga ƙarƙashin waya, sai an haɗa da buroshi da man goge baki. Yaron da ke bin shanu wata huɗu a daji, wa zai manna masa wanda ya ɓalle?

Roba ta fi dacewa da babban mutum mai ƴar karkata kaɗan. Ba a ganinta, ka cire ka ci abin da kake so, kuma likita na iya ba ka na makonni da yawa ka tafi fatauci da su. Amma sharaɗinta awa ashirin zuwa ashirin da biyu a baki kullum, kuma ban da ruwa mai sanyi ba a shan komai da ita. Yanzu lissafa mini, tsakani da Allah, kofi nawa na shayi da jabana kake sha daga asuba zuwa isha a tashar Gallabat kana jiran a buɗe iyaka? Goro fa? Kowane kofi sai ka cire, ka kurkure, ka mayar. In ka sha da ita, zafi ya lanƙwasa ta, sukari ya kwana tsakaninta da haƙori. Ka manta ta a gaban mota da rana tsaka, shi ke nan. Ni dai a ganina, mutum goma cikin masu sauraronmu da za su ce za su iya wannan horon, ba duka ne za su kai wata biyu ba.

Akwai zaɓi na uku da masu talla ba sa faɗa, wato a jira. Karkataccen haƙori ba ciwon gaggawa ba ne. Ana gyara shi a shekara talatin, ana gyarawa a arba'in, muddin dasashi lafiya lau yake. Ramin haƙori da dasashi mai zubar jini su ne ba sa jira, kuma likitan kirki ba zai sa maka ƙarfe ko roba ba sai ya fara magance su. Idan ka yanke za ka fara, tambayi likitan ko yana nan zaune har shekara biyu, ka nemi a raba kuɗin kashi-kashi bisa zuwa, ka kuma karɓi hotunan ƙashi da bayanin aikin ka ajiye a wayarka, ta yadda wani likita a wani gari zai iya ɗorawa. Ka sani kuma bayan an gama akwai abin riƙewa da ake sawa da dare shekara da shekaru, in ba haka ba haƙora su koma gidan jiya.

Wushirya dai a bar mana ita. A littattafan Turawa tazara ce da ake rufewa, kuma tana cikin waɗanda suka fi saurin sake buɗewa bayan an rufe. In ƙanwarka na da ita, ta faɗa wa likita tun ranar farko cewa ba a kanta aka zo ba. Alhaji ko Hajiya mai haƙorin Makka su ma su yi magana da wuri: abin manna ƙarfe ba ya kama zinariya kamar yadda yake kama haƙori, sai dai a zagaya shi da zobe ko a yi wata dabara, ita kuwa roba a kansa ake gwada ta, don haka in da niyyar cire shi ko canza shi, a yi kafin a ɗauki awon baki.