Tarwaɗa a Fagge da Sabon Gari

Yawancin kifaye, da an fid da su daga ruwa, sai mutuwa. Tarwaɗa ba haka take ba. Allah Ya yi mata wata halitta a cikin kai, mai rassa kamar ƙaramar itaciya, wadda take shaƙar iska da ita. In kududdufi ya soma ƙafewa, sai ta lafe a cikin laka. Wani lokaci kuma, da dare, in ƙasa ta jiƙa, takan dogara da ƙayoyin nan biyu na gefenta ta ja ciki har ta kai wani ruwa. Jikinta santsi gare shi, ga gashin baki guda takwas da take lalube da su a cikin ruwa mai duhu. Da damina takan bi ambaliya ta shiga ciyawa ta zuba ƙwai.

To, wannan juriya ita ta ba ta daraja a Kano, gama birnin ba ya bakin babban kogi. A zamanin da, Fagge zango ce ta fatake da masu raƙuma a bayan ganuwa, kifin da ke zuwa daga nesa kuwa sai banda. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913. Yarabawa da Ibo da sauran mutanen Kudu suka zauna a can, su kuwa miyarsu ba ta cika sai da kifi. Ciniki ya buɗe, banda ta riƙa kwararowa daga Haɗeja da Tafkin Chadi. Ɗanyen kifi kuwa, tarwaɗa ce mai jure hanya: ɗan ruwa a cikin garwa ya ishe ta ta iso kasuwa tana motsi.

Farin 1973 da na 1984 sun janye Tafkin Chadi ƙwarai, masunta da yawa suka tashi.  Amma abin da ya sāke al'amarin shi ne kiwo. Masana sun gano allurar da ke sa tarwaɗa ta saki ƙwai ko da rani, har ya zama mutum ya gina kwatami a bayan gida, cikin wata shida ya kwashe kifi ya kai kasuwar Galadima.

Namanta yana gina jiki, ƙananan ƙayoyi ba su dame shi ba, saboda haka ya dace da yara da tsofaffi. Sai dai juriyarta tana da illa. Tana rayuwa a ruwan da wani kifi ba zai kwana ba, irin na Jakara, inda ƙazantar gari da ta masana'antu ke zuba. Dafuwa tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta fid da gubar da ta riga ta shiga nama. Mai hankali yakan tambayi mai kifi daga wane ruwa aka kamo ta, kafin a yi ciniki.