Tsofaffin Sunayen Sandar Walda da Abin da Ke Bayansu

Har yau a rumfunan masu walda, daga Sabo ta Ibadan zuwa Agege, za ka ji maigida ya aiki yaro ya sayo "geji goma" ko "OK". Sunayen nan sun girmi mu duka, kuma rashin sanin asalinsu yana jawo asara.

A shekarar 1904 wani injiniyan jiragen ruwa ɗan ƙasar Siwidin, Oscar Kjellberg, ya kafa kamfanin ESAB, sannan a 1907 ya yi rajistar sandar walda mai rufi. Haruffan OK da ke jikin kwalin, farkon sunansa ne. Daga nan kowane kamfani ya shiga raɗa wa kayansa suna: Murex na Ingila da Vodex, Lincoln na Amurka da Fleetweld, Oerlikon na Suwizalan da Overcord. Sifbronze kuwa, wayar tagulla ta waldar gas, daga wani kamfanin narka ƙarfe na Suffolk ta samo suna. To, suna kawai ba ya faɗin abin da ke cikin sanda.

Shi ya sa ƙungiyar masana walda ta Amurka, wadda aka kafa a 1919, ta fito da lambobi na bai ɗaya. A E6013, 60 na nufin ɗinkin zai jure jan nauyin laba 60,000 a kan kowane inci murabba'i, 1 na nufin a yi aiki da ita a kwance ko a tsaye ko sama da kai, 3 kuma nau'in rufin. Da wannan muke gane cewa OK 46.00 da Vodex da Fleetweld 37 duk dangi ɗaya ne, na ƙofa da taga. OK 48.00 kuwa E7018 ce, ta aiki mai nauyi, kuma ba ta son danshi ko kaɗan. Shi "geji" ma kauri kaɗai yake nunawa, gadon awon Ingila: geji 10 wajen milimita 3.2, geji 12 wajen 2.5.

Waya marar rufi ta fi rikitarwa, domin ba kullum ake buga lamba a jikinta ba. Wayar ƙarfe da aka shafa wa jan ƙarfe takan yi kama da tagulla a ido. A kusanto mata maganaɗisu: in ta manne, ƙarfe ce, tagulla ba ta mannewa.

Saboda haka, 'yan'uwa, in an sayo tsohon kaya a kasuwa, a nemi lambar a kwali ko a gindin sanda, a duba ta da littafin kamfanin. Wadda ba a gane ba, a bar ta ga ƙananan gyare-gyare, kada ta kusanci shasin mota ko tankin mai, domin rayukan mutane ne a kai. Allah Ya kiyaye mu, Ya sa albarka a sana'a.