Takarda Mai Wata Uku: Tarihin Takarda da Masu Sana'arta a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya ɗauki falle ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu a Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya ɗaga shi ga hasken rana, sau da yawa yakan hangi wata alama a cikin jikin takardar, watau jinjirin wata guda uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami. Ba da tawada aka zana su ba. Tambari ne da aka saƙa da siririyar waya a kan rariyar da aka tace takardar tun tana ruwa. A kan irin wannan takarda aka rubuta mafi yawan littattafan ƙarni na 19 da suka rage a ƙasar Hausa, alhali kuwa ba a sami shaidar cewa an taɓa yin ko falle ɗaya a cikin ƙasar ba. Wannan maƙala za ta bi sawun takardar daga inda ta fito, sa'an nan ta dubi sana'o'in hannu da suka tsiro a kanta.

Shaidar Harshe

Kalmar takarda kanta baƙuwa ce, kuma siffarta ta nuna hanyar da ta biyo. Asalinta kalmar Girkanci ce wadda Latinanci ya ara ya mai da ita charta. Daga nan ta shiga harsunan Barbar na Afirka ta Arewa, suka ɗora mata ta- ɗin nan da suke sa wa sunayen jinsin mace, har ta iso ga Hausawa ta bakin Abzinawa. Haka ita ma tawada ta yi: dawat ce ta Larabci, watau gidan tawada, amma sai da ta biya ta bakin Barbar kafin ta iso. Alƙalami da allo kuwa da al- ɗinsu na Larabci suka zo. Barebari ba su bi wannan hanya ba, kalmarsu ta takarda daga kagad take, wadda Larabawa suka samo daga Farisa. Yarabawa kuma daga Hausawa suka karɓi tasu. Ashe ke nan tun kafin a buɗe littafin tarihi, harshe ya riga ya nuna cewa ta Hamada hajar ta shigo, ta ƙofa fiye da ɗaya, daga nan fatake suka gangara da ita kudu.

Daga Sin zuwa Italiya

A ƙasar Sin aka fara yin takarda, kuma tarihinsu ya danganta kyautata sana'ar ga wani bafade mai suna Cai Lun a shekarar 105. Musulmi sun same ta ta wajen Samarƙand a ƙarni na 8, kafin ƙarshen ƙarnin kuwa, a zamanin Haruna Rashidu, ana yin ta a Bagadaza. Daga can ta bazu zuwa Sham da Masar da Fas da Andalus. A ƙarni na 13 sai mutanen Fabriano ta Italiya suka karɓi sana'ar suka sake ta: suka sa ƙarfin ruwa yana ɗaga taɓaren da ke dakan tsummoki, suka riƙa tsoma takardar cikin danƙon da aka dafa daga fata don kada ta tsotse tawada, suka kuma ƙago tambarin nan na cikin jiki. Takardarsu ta fi araha, ta kashe wa masu yin ta a ƙasashen Musulmi kasuwa.

Al'amarin ya kai har sai da aka nemi fatawa. A shekarar 1409 malamin nan na Tilimsan, Ibn Marzuƙ, ya rubuta doguwar amsa a kan ko ya halatta Musulmi ya yi rubutu a kan takardar Nasara, wadda wani lokaci har tambarin gicciye takan ɗauka. Ya halatta, bisa hujjar larura, domin a lokacin an daina yin takarda a garinsa. Wannan fatawa tana cikin Mi'iyar na Wansharisi. Su kuwa masu masana'antu na yankin Banis, da yake 'yan kasuwa ne, sai suka kawar da abin da zai jawo gardama, suka riƙa buga wa takardar da za ta tafi Daular Usmaniyya tambarin wata uku, suna kiranta tre lune.

A nan ne amsar wata tambaya take, wadda ta daɗe tana damun manazarta: don me ƙasar da ke da auduga da masaƙa da marina da majema ba ta yi tata takardar ba? Bai kamata a ɗora wannan a kan rashin basira ba. Lokacin da ilmin littafi ya kafu a Kano, a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499) da zuwan Shaihu Magili, sana'ar ta riga ta soma mutuwa a ƙasashen da malaman suka fito. Abin da suka zo da shi littafi ne, da sanin inda ake sayen takarda.

Hanyar Ayari

Daga Italiya jiragen ruwa kan sauke takarda a Tarabulus, raƙuma su ɗauka zuwa Gadamas da Gat da Abzin, su biyo ta Damagaram su iso Kano bayan watanni. Wata kuma takan bi ta Masar zuwa Darfur da Wadai da Barno, ban da wadda alhazai ke ƙunsowa. Fataken Gadamas da na Tarabulus suna da gidajensu a birnin Kano, kuma sunan unguwar Dandalin Turawa yana tuna lokacin da kalmar Turawa take nufin waɗannan Larabawa. Wani Alƙur'ani na Barno da A. D. H. Bivar ya bayyana a 1960 yana ɗauke da tarihin da ya yi daidai da 1669, abin da ke nuna cewa takarda ta daɗe da samun gindin zama a yankin. Clapperton ya ga takardar rubutu a kasuwar Kano a 1824, ya ce daga Afirka ta Arewa aka kawo ta.

Bayanin Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, shi ya fi jan hankali. Da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana shigo da mai wata uku da yawa, amma ya ce naɗe tufafi ake yi da ita. Ma'anar wannan babba ce. Turkuɗi da baƙin rawanin da aka rina a Kura da kewayenta, mabuga suka buge su da shuni har suna ƙyalli, ba za su kai Agadas ko Tumbutu da ƙyallinsu ba sai an naɗe kowane a takarda. Saboda haka ana iya cewa cinikin rini shi ya riƙe cinikin takarda, malamai kuma suka ci moriyar yawan da marina suka jawo. Nesa da manyan kasuwanni kuwa abin ba haka yake ba. Bowdich, wanda ya je Kumasi a 1817, ya ba da labarin cewa falle ɗaya kan ciyar da ƙaramin malami wata guda idan ya yanka shi ya rubuta layu.

Sana'o'in da Suka Tsiro

Tsada da nisa su suka tsara yadda ake amfani da takarda. Ƙolo da titibiri ba sa taɓa ta. Allo ne nasu, da tawadar gawayi da ƙaro, wadda ake wankewa a sake rubutu. Takarda sai wanda hannunsa ya faɗa, musamman alaramman da zai rubuta izu sittin da ka. Tawadarsa ma dabam ce, ta bagaruwa da aka jiƙa da ƙarfe, wadda ke kama takarda ba ta fita. Da alƙalamin gamba yake rubuta baƙaƙe, sa'an nan a bi da jar tawada a yi wasali, a ɗiga rawaya da kore a kan hamza bisa ƙa'idar ruwayar Warshu. Bayan wannan a sa alamar aya, da kumsa a kan aya biyar, da kuri a kan aya goma, da da'irori masu ado a gefe don nuna sumuni da rubu'i da nusufi da izu. Manyan zayyanoni kan zo a farko, da kuma wurin surorin A'arafi da Maryamu da Sad, inda Alƙur'ani ya kasu huɗu. Zanen da ke cikinsu ɗan'uwan wanda ake gani ne a aikin riga da aikin fata da bangon soro, wanda ke nuna cewa idon ƙasa ne ya ƙawata haja ta waje.

Ba a ɗinke littafin. Fallaye ne sake, kalmar farkon shafi na gaba tana rubuce a ƙasan wanda ya gabace shi don kada su rikice. Wannan tsari ya dace da makarantar zaure, domin malami kan iya raba littafi guda ga almajirai da yawa su kwafa a lokaci ɗaya. Illarsa ita ce falle kan tafi aro bai komo ba, shi ya sa littattafai masu giɓi suka yi yawa a ma'adanai. Daga hannun marubuci aiki kan koma wurin baduku, ya yi tadarishin da zai danne fallayen, ya ɗinka gafaka mai rataya. Shi ne kuma ke rufe laya da fata bayan an ninke takardar an naɗe ta da zare. Allon zayyana na bikin sauka shi ya haɗa sana'o'in duka: masassaƙi ya sassaƙa allo, mai zayyana ya zana adonsa, a baya-bayan nan sau da yawa a kan takarda wadda zai liƙa a fuskar allon, baduku kuma ya yi wa mariƙin riga ta jar fata. Ƙananan masu sana'a ne ke wannan aiki, a zauruka da rumfunan Kasuwar Kurmi da bakin masallatan Juma'a. Sunan mawallafi kan tsira, wani lokaci har da na mai kwafa idan ya rubuta shi a ƙarshe, amma na mai zayyana da na baduku ba safai ake samunsu ba.

Bayan Rufewar Hanya

Ingilishi sun ci Kano a 1903. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso birnin, a shekarar ce kuma Italiya ta kai wa Tarabulus yaƙi, ayarin Hamada ya durƙushe. Takardar inji, wadda ake yi da ɓargon itace, ta riƙa shigowa ta Ikko. An kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, masana'antar takarda ta Jebba kuma ta fara aiki a 1969. Da an zaci ɗab'i zai kashe marubuta nan take, amma ba haka ta faru ba, domin mutanen tsangaya ba su saba da rubutun bugun Masar ba. Sai madaba'o'i suka riƙa ɗaukar hoton rubutun hannu suna bugawa dubbai, rubutun gwanaye irin su marigayi Sharu Bala Gabari ya shiga gidaje har Gana da Kamaru da Sudan. Hannu ɗaya ya wadatar da kasuwar da dā take ciyar da hannuwa masu yawa.

Ga masu adana rubuce-rubuce a Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Gidan Tarihi na Jos, da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, wannan sauyi ya bar matsala biyu. Ta farko, takardar inji tana da tsami a jikinta, takan yi ja ta riƙa karyewa, har littafin 1950 ya riga na 1850 lalacewa. Ta biyu ta shafi tarihin kwafi. Masu kwafa kan ɗauko shekarar da mawallafi ya gama littafinsa su maimaita ta, mai nazari ya zaci asali ne a hannunsa. Binciken Terence Walz a kan cinikin takarda ta Masar, da na Michaelle Biddle a ma'adanan Arewacin Nijeriya, sun nuna yawan takardar gidan Galvani na arewa maso gabashin Italiya a cikin waɗannan littattafai. Andrea Galvani ya rayu daga 1797 zuwa 1855, kuma gidan ya ci gaba da buga sunansa bayan mutuwarsa. Saboda haka littafin Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, idan aka ɗaga fallensa aka karanta cikakken sunan Andrea Galvani da na garin Pordenone, to kwafi ne na baya, ko da wace shekara aka rubuta a ƙarshensa. Hoton da aka ɗauki shafi daga sama ba ya nuna wannan tambari, sai an sa haske ta bayan fallen.